"Nawa Za Ka Yi Min?": Yadda Na Yanka Wa Wani Alhajin Singa Kuɗin Manhaja

Mako biyu bayan ƙaramar sallar 2023 wani abokina ya kai ni wurin ƙanen mahaifinsa, babban ɗan kasuwa a Singa, nan cikin Kano. Kayan masarufi yake sayarwa a kan sari: sukari, fulawa, taliya, man girki, sabulu, madara. Shaguna uku gare shi da katafaren sito guda. Muka gaisa, aka kawo min ruwa, ya sallami wasu 'yan sari biyu da ke tsaye a kansa, sannan ya juyo gare ni.

"Injiniya, an ce kai ne mai yin manhaja. Ina son wadda zan riƙa ganin komai a wayata, abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda nake bi bashi. Ba wani abu ba ne mai yawa. Nawa za ka yi min?"

Nan take wani adadi ya faɗo min a rai, naira dubu 800. Har ya zo bakina na haɗiye. Shekarar da ta gabata na yi wa wata makaranta irin wannan saurin bakin, aikin da na ce wata biyu ya ci wata bakwai, kuma daga aljihuna na biya abokan aikina albashin watanni uku na ƙarshe. Ciwon bai gama warkewa ba a lokacin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na faɗi kuɗi yanzu ƙarya zan yi maka. Ko magini ba ya yanka jinga sai ya ga fili. Ka ba ni kwana huɗu in zauna a shagon nan da sito in ga yadda kuke aiki. Za ka biya ni naira dubu 60, in ba ka takarda mai ɗauke da duk abin da manhajar za ta yi. In farashina bai yi maka ba, takardar taka ce, ka kai wa wanda ka ga dama."

Ya daɗe yana kallona. "Wato sai na biya ka kafin ka faɗa min abin da zan biya ka?" Na ce haka ne. Abokin nawa ya sa baki, daga ƙarshe Alhaji ya ce Allah ya sa albarka.

Waɗannan kwana huɗun su ne ƙashin bayan ƙiyasin gaba ɗaya, don haka bari in tsaya a kansu.

Ranar farko aka ajiye min kujera kusa da wani dattijo, akawun Alhaji, wanda kowa ke kira Baba. Littattafai uku ne a gabansa, duk bangonsu ya sha hannu har ya yi baƙi. Kafin azahar na cika shafi shida na littafina. Abu na farko da na lura: katan ba katan ba ne kawai. Ana sayar da katan, ana sayar da rabinsa, ana fasa shi a sayar da dozin, wani kayan ma har ɗai-ɗai. Buhun sukari kuwa ba a fasa shi a babban shago, amma ana fasa shi a ƙaramin. Farashi ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya shekara goma yana sari a wurin da nasa farashin, baƙo da nasa, akwai kuma mutum biyar ko shida da Alhaji kaɗai ke yanka musu, ta waya, Baba ya rubuta.

Sai maganar ajiya. Mutum zai biya kuɗin buhu ɗari na fulawa yau, ya bar su a sito, ya riƙa aiko mota tana ɗaukar ashirin-ashirin har tsawon wata. Kayan suna nan a sito ido na ganinsu, amma ba na Alhaji ba ne. Manhajar da ba ta san wannan ba za ta nuna masa yana da fulawar da ya riga ya sayar, yaran shago su sake sayar da ita. Alhaji bai ambaci wannan ba da yake min bayani, ba don ɓoyewa ba. Abin da mutum ya shekara talatin yana yi kullum ba ya ganinsa a matsayin abin faɗa.

Biyan kuɗi ma haka. Tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar, ciniki ya koma tiransfa. Na ga mutum ɗaya ya biya kaya ɗaya ta hanya uku: wani kaso a hannu, wani ta asusun Alhaji, ragowar ta wurin mai POS na bakin layi, kuma aka bar motarsa tsaye har sai da alat ya shigo. Da rana tsaka, lokacin da kasuwa ta cika maƙil, sabis ɗin waya yakan yi rauni har saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. Wannan kaɗai ya sauya fasalin aikin, domin dole manhajar ta yi aiki ko babu intanet, sannan ta haɗa bayanan wayoyi daban-daban in sabis ya dawo. A rana ta uku na ga wani shafi a littafin bashi an rubuta "jika 400". Na tambayi Baba. Ya ce, "Wannan ai mutanen Maraɗi ne da Damagaram, ɗana. Da sefa suke biya, jika ɗaya sefa dubu ke nan." Ashe har kuɗin ƙasa biyu ne a cikin littafin.

Na koma ofis da littafina cike. Mu uku ne: ni da nake rubuta ɓangaren saba, wato kwamfutar da ake haya a intanet don adana bayanai, abokina mai rubuta manhajar waya, da wata abokiyar aikinmu mai tsara fuskar manhaja da gwada ta. Muka yayyanka aikin gunduwa-gunduwa har gida 41. Ƙa'idarmu ita ce duk gunduwar da ba za mu iya bayyana ta a jimla biyu ba, ba mu fahimce ta ba tukuna, sai a sake raba ta ko a koma wurin Baba da tambaya.

Kowace gunduwa muka ba ta adadin kwana uku: in komai ya tafi daidai, yadda aka saba, da kuma in abu ya caɓe. Sai a haɗa na farko da na ƙarshe da na tsakiya sau huɗu, a raba da shida. Wannan lissafin ba namu ba ne, daga tsarin PERT ya fito, wanda sojojin ruwan Amurka suka samar a 1958 don aikin makamin Polaris. Amfaninsa a wurina shi ne yana tilasta maka ka furta mummunan zato da bakinka. Shafin shiga da lambar sirri, misali, mun ba shi 1, 2, 3, ya tashi kwana 2, babu gardama, mun yi irinsa ya fi sau goma. Fasa katan zuwa dozin muka ba shi 2, 4, 9, ya tashi kwana huɗu da rabi. Aiki ba tare da intanet ba kuwa 6, 12, 30 muka rubuta, ya tashi kwana 14. Tazarar da ke tsakanin 6 da 30 ita ce ta nuna mana inda haɗarin aikin yake. Me za a yi in yaro a shago na ɗaya da yaro a shago na biyu suka sayar da buhu goma na ƙarshe a lokaci guda, alhali duk wayoyinsu ba su da sabis? Mun ɓata rabin yini a kan wannan tambayar kaɗai.

Akwai wata dabara da muke yi: kowa ya rubuta adadinsa a ɓoye a 'yar takarda, sannan a buɗe lokaci guda, don kada na farkon magana ya ja ra'ayin saura. Da muka zo kan buga rasit, ni na rubuta kwana 1, abokina ya rubuta 5. Na ce me ya yi zafi? Ya buɗe durowa ya ɗauko wani tsohon rasit daga ƙaramar firintar nan mai Bluetooth da ake sayarwa a kasuwar waya ta Farm Centre. Inda alamar naira ya kamata ta fito, alamar tambaya ce. Sunan wani kwastoma mai ƙ da ɗ ya koma wasu 'yan akwatuna. Ya ce kwana huɗu ya yi yana fama da irinta a wani aiki, kuma kowace samfurin firinta da nata halin. Na janye kwana ɗayana ba musu.

Rubutun manhajar zalla ya tashi kwana 96. A nan ne yawancinmu muke tsayawa mu faɗi farashi, kuma a nan muke cutar kanmu. Gwaji fa? Zaman da za a riƙa yi da Alhaji duk mako biyu a nuna masa inda aka kwana? Koyar da yaran shago tara, waɗanda wasunsu ajami suka fi iyawa? Kwashe sunayen kaya da na masu bashi daga littattafan Baba zuwa kwamfuta? Gyare-gyaren watan farko bayan an fara amfani da ita? Waɗannan suka ƙara kwana 40. Jimla 136.

Sai kuɗin kwana ɗaya. Na ɗauki albashin mutum ɗaya a wata, naira dubu 250, na ƙara kasonsa na hayar ofis, man janareta, data, da tanadin sauya kwamfuta in ta tsufa, dubu 70. Dubu 320 ke nan. Ban raba da kwana 22 ba, da 16 na raba. Wanda ya taɓa wannan sana'ar ya san dalili. Akwai ranar da za a ɗauke wuta janareta kuma ya ƙi tashi, akwai jana'iza da ɗaurin aure, akwai tsohon kwastoma da zai kira manhajarsa ta tsaya, akwai yawon neman aiki na gaba. Kwana ɗaya ya tashi naira 20,000. Sau 136, miliyan 2 da dubu 720. Na ɗora kashi 20 cikin ɗari na ko-ta-kwana, ya zama miliyan 3 da dubu 264.

Na daɗe ina kallon wannan adadin, domin ya ninka dubu 800 ɗin da na kusa furtawa sau huɗu. Barry Boehm, masanin nan na Amurka da ya fito da tsarin ƙiyasi na COCOMO a 1981, ya nuna cewa a farkon aiki, kafin a san ainihin abin da ake buƙata, ƙiyasi na iya kaucewa har ninki huɗu, sama ko ƙasa, kuma tazarar tana raguwa ne gwargwadon yadda ake fahimtar aikin. Na karanta wannan tun ina ɗalibi, amma sai ranar na gan shi a kan teburina. Shi kansa COCOMO ban yi amfani da shi ba. Yana so ka fara ƙiyasta yawan layukan rubutun manhajar, kuma ga ƙaramin aiki irin namu, wanda rabinsa haɗa kayan da wasu suka riga suka rubuta ne, ban ga yadda wannan zai fi lissafin kwanakinmu gaskiya ba.

Ranar da na kai takardar, Alhaji ya sa tabarau ya tsallake shafi takwas ya tafi kai tsaye shafin ƙarshe. Ya cire tabarau ɗin.

"Injiniya, miliyan uku? Akwai yaron da ya ce zai yi min a dubu 500."

"Zai iya yiwuwa, ranka ya daɗe. Ka ba shi takardar nan, ka tambaye shi ko dubu 500 ɗin har da ajiya, da fasa katan, da aiki in babu sabis."

Ya taya miliyan ɗaya da rabi. A kasuwa in an taya, mai kaya yana ragewa daga ribarsa. Ni kuwa ba riba ce a saman ba, kwanaki ne, kuma in na rage kuɗi ban rage aiki ba, kwanakin suna nan, wani ne kawai zai yi su kyauta. Na ce masa ba zan iya rage farashin kwana ba, amma za mu iya rage kwanakin. Muka koma shafi na biyu, wanda ya tsallake, muka bi gida-gida. Manhajar iPhone, don shi da ɗansa ne kawai ke riƙe da ita, kwana 18 ce, kuma Apple, kamfanin iPhone, na karɓar dala 99 duk shekara kafin a sa manhaja a shagonsa na intanet, alhali Google, mai Android, dala 25 yake karɓa sau ɗaya tak. Ya ce a cire, zai sayi Android ta biyu. Tura wa masu bashi saƙon tunatarwa da biya ta intanet, kwana 10, aka ɗage. Lissafin sefa, kwana 6, Baba zai ci gaba da riƙe shi a littafi. Sauran shaguna biyu da rahotannin riba masu zane-zane, kwana 14, sai zango na biyu. Aka cire 48, saura 88. Da ko-ta-kwana ya tashi miliyan 2 da dubu 112. Ya ce a share dubu 12 ɗin albarkacin zumunci, na share.

Wannan zaman na awa biyu ya fi min komai daɗi a aikin. Mutumin da ya ce "ba wani abu ba ne mai yawa" shi ne yanzu yake nuna gida na 17 da yatsa yana cewa, "Wannan kada a taɓa shi, nan ne yara suke cuta ta."

Muka rubuta yarjejeniya a tsakiyar watan Mayu. Kafin alƙalami kashi 40, dubu 840. Kashi 30 in an nuna sayarwa da sito suna aiki, kashi 30 bayan an yi mako biyu ana amfani da ita a shago. Duk abin da ba ya cikin takardar, sabon ƙiyasi ne. Na yi alkawarin wata uku. A gefe guda kuma na sa kuɗin hayar saba, dala 24 a wata har shekara, da dala 25 ta Google, dala 313 ke nan. Na buga a kan naira 750, farashin 'yan canji a lokacin, na rubuta naira dubu 235, ya biya.

Wannan layin na ƙarshe shi ne kuskurena mafi girma, kuma ba a rubutun manhaja yake ba.

Ranar 29 ga Mayu, a jawabin kama mulki, Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a watan Yuli ta wuce 600. A tsakiyar Yuni kuma Babban Banki ya saki farashin dala. Dubu 70 ɗin da na ware wa kowa na ofis da mai ta daina isa tun watan farko. Kuɗin sabar da na karɓa da naira, maimakon in canza su zuwa dala a ranar, na bar su a asusu ina cira ina sayen mai, da niyyar in riƙa sayen dala wata-wata. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, sabar da na lissafa a dubu 18 a wata ta koma sama da dubu 36, kuma yarjejeniya ta ce shekara guda a kaina take.

Ta ɓangaren kwanaki kuwa ƙiyasin bai yi nisa da gaskiya ba. Aikin rashin sabis da ya fi ba mu tsoro ya ci kwana 16 maimakon 14. Wanda ya ba mu mamaki shi ne littafin bashi. Kwana 4 muka ba shi, ya ci 11, domin mutum ɗaya yakan fito da suna uku: sunansa na yanka a wani shafi, sunan garinsu a wani, a wani kuma "mai farar mota". Baba kaɗai ya san duk mutum ɗaya ne. Abokiyar aikinmu ta yi mako guda tana zuwa bayan la'asar, shi yana karantawa yana tunowa, ita tana rubutawa. Sannan babbar sallah ta faɗo a ƙarshen Yuni, kasuwa ta rincaɓe, kusan mako biyu babu yaron da ke da sukunin zama a koya masa komai. Ban sa wannan a lissafi ba, alhali ga kalanda a bango.

Da Alhaji ya ga Agusta ta ƙarato, ya kira ni. "Ka ƙaro yara biyu mana, ni zan biya. Hannu da yawa ai maganin ƙazamar miya." Na ce masa a wannan sana'ar abin ba haka yake ba. Sabon mutum sai mun ajiye aiki mun koya masa abin da muka yi wata biyu muna ginawa. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin kwamfuta na IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi. Abin da na roƙa a maimakon haka shi ne ya ware min yaro ɗaya mai kaifin kai daga shago, ya zama namu na awa biyu kullum. Ya ba ni, kuma wannan yaron ne daga baya ya koya wa sauran takwas.

Mun miƙa aiki a tsakiyar Satumba, mun makara da wata guda. Kwana 101 muka yi a maimakon 88, wato muna cikin kashi 20 ɗin da na tanada. Sai dai wannan kashi 20 ɗin an yi masa ci biyu, ƙarin kwanaki sun ci, mai da dala ma sun ci. Na biya kowa haƙƙinsa, ban ci bashi ba, amma abin da ya rage min bai kai albashin wata ɗaya ba. Abin da na tsira da shi mai daraja shi ne wani ɗan littafi da na riƙa rubuta kwanakin da kowace gunduwa ta ci a zahiri, kusa da abin da muka ƙiyasta mata.

A watan Maris na 2024, bayan an buɗe iyakar Nijar da aka rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, Alhaji ya aiko a kira ni. Mutanen Maraɗi sun fara dawowa, yana son lissafin sefa, yana kuma son a haɗa sauran shagunan biyu. Na ɗauki ɗan littafin nan na zauna da abokan aikina yini ɗaya. A takardar da na kai masa, kuɗin aiki yana gefe da naira, kuɗin saba yana gefe da dala, kuma na rubuta cewa da katinsa za a riƙa biya kai tsaye. Kwashe bayanan shagunan biyu na ba shi ninki uku na abin da raina ya fara raya min. Makon sallah na cire shi daga lissafin kwanaki. A ƙasa na ƙara layi guda: wannan farashin na kwana 14 ne daga yau.

Ya sa tabarau, wannan karon daga shafin farko ya fara. Da ya kai layin ƙarshe ya ɗago kai.

"Kwana 14? Kamfanin da nake sarin sukari ko kwana uku ba sa ba ni." Ya juya ya kira akawunsa. "Baba, kawo littafin mutanen Nijar, Injiniya zai duba."